Sarƙa, Ƙaya da Dogo: Tarihin Tafiya a Duwatsun Sarandib

Tsibirin da Larabawa suka sani da sunan Sarandib, Turawan mulkin mallaka suka kira shi Silon, mutanensa kuma suka raɗa masa Siri Lanka a shekarar 1972, yana cikin teku kudu maso gabas da ƙurewar ƙasar Indiya. Kewayensa fili ne mai zafi da gumi, amma daga tsakiya zuwa kudu sai ƙasa ta yi tozo, tudu ya hau kan tudu, har mafi tsawon duwatsun ya kai mita 2,524. Damina biyu ke zuba a tsibirin kowace shekara, ɗaya daga kudu maso yamma, ɗaya daga arewa maso gabas, saboda haka kurmi ba ya daɗewa bai cinye turbar da aka bari ba. A wannan zamani an san yankin duwatsun nan da ɗakunan ibada na mabiya addinin Buddha, da gonakin shayi, da shinkafa wadda ake kewaye ta da miya iri-iri masu yaji. Baƙon da ya bar Kolambo, a bakin teku, da hantsi, zai iya yin la'asar a birnin Kandi, mil 72 cikin duwatsu, sai ya zaci haka abin yake tun fil azal. Alhali kuwa har shekarar 1820 babu hanyar da keken shanu zai bi tsakanin garuruwan nan biyu, kuma da gangan aka bar su haka. Wannan lacca za ta bi diddigin hanyar ce ita kanta: wanda ya share ta, da wanda ya toshe ta, da wanda ya ciyar da mai binta, da wanda aka ɗora wa nauyinta.

Hanya mafi shahara a cikin duwatsun a zamanin da, ta masu ziyara ce, kuma ƙarshenta wani tsauni ne mai tsini, tsawonsa mita 2,243, wanda masu jiragen ruwa kan hango tun daga teku. A ƙwanƙolinsa akwai wani gurbi a jikin fa mai kama da sawun mutum, tsawonsa ya haura ƙafa biyar. Mabiya Buddha suka ce sawun Buddha ne, suna kiransa Sri Pada, watau sawu mai tsarki. 'Yan addinin Hindu suka ce na abin bautarsu Shiva ne. Musulmi kuwa, tun wajen ƙarni na 9, sun riƙe cewa nan ne Annabi Adamu, alaihis salamu, ya fara taka ƙasa bayan saukowarsa daga Aljanna. Wannan magana ba ta cikin Alƙur'ani. Ta zo ne a cikin ruwayoyin masu tarihi irin su Ɗabari, da labaran fataken teku waɗanda suka kira dutsen Rahun. Ko ma mene ne asalinta, ta isa ta ɗaga mutum daga Shiraz ya ƙetare teku.

Sarakunan tsibirin sun san niyya kaɗai ba ta kai mutum kan dutse, sai da abin sawa a baki. Sarki Vijayabahu na Ɗaya, wanda ya yi zamani daga 1055 zuwa 1110, ya keɓe wani ƙauye mai shinkafa, ana ce da shi Gilimale, domin a riƙa ciyar da masu hawa daga amfanin gonakinsa, ya kuma gina masaukai a kan hanyoyin da ke zuwa dutsen. An sassaƙa wannan umarni a jikin dutse a Ambagamuwa. Tsarin ya yi kama ƙwarai da abin da Musulmi ke kira waƙafi. Rubutun ya kuma ambaci wani dandali da aka yi can ƙasa da sawun, domin mutanen da ake ɗauka ƙasƙantattu ne ta wajen asali su tsaya nan su yi bautarsu. Ya kamata masu yawan yabon dutsen da cewa wuri ne da ya daidaita kowa da kowa su riƙa tunawa da wannan dandali. A ƙarni na 13 wani sarkin, Parakramabahu na Biyu, ya tura wazirinsa ya gyara turba ya kafa gadoji. Ban da aikin sarakuna, mutanen ƙauyuka kan gina wata rumfa mai ginshiƙai a bakin hanya, suna kiranta ambalama, inda kowane matafiyi zai kwana ba da biyan ko anini ba, a kuma ajiye masa tulun ruwa kusa. Neman lada ne a wurinsu.

Mutumin da ya bar wa duniya cikakken bayanin wannan hanya ba baƙo ba ne ga ɗaliban tarihin ƙasar Hausa. Shi ne Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja, wanda ya sauka Takadda a 1353 ya ba da labarin cewa ana kai jan ƙarfenta Gobir da Barno. Shekara tara kafin haka, watau a 1344, ya taso daga tsibiran Maldib inda ya yi alƙalanci, jirginsa ya tsaya a wani gari da ya kira Baɗɗala, wanda masana suka ce shi ne Puttalam. A gaɓar garin ya ga itacen kirfa da ruwa ya kwaso an tara shi tuli-tuli. Sarkin wurin, Arya Chakravarti, ɗan Hindu ne, amma yana jin Farisanci. Ya sauke shi kwana uku, ya ba shi lu'ulu'u, ya tambaye shi bukatarsa. Ibn Baɗuɗa ya ce ba shi da wata bukata sai ziyarar sawun Annabi Adamu. Sarki ya ba shi abin hawa wanda bayi ke ɗauka a kafaɗa, ya haɗa shi da masu zuhudu huɗu na Hindu waɗanda suka saba zuwa kowace shekara, da malaman Hindu uku, da fadawa goma, da 'yan dako goma sha biyar masu ɗaukar guzuri. Ke nan mutum 32 aka tayar saboda ziyarar baƙo guda, kuma kusan rabinsu abinci suke ɗauke da shi.

Zancen abinci shi ne abin da ya fi ba Ibn Baɗuɗa mamaki. Ya zauna shekaru a Indiya, ya saba ganin 'yan Hindu ba su barin Musulmi ya shiga ɗakinsu ko ya ci a ƙwaryarsu, sai dai a zuba masa a ganyen ayaba can gefe. A Sarandib kuwa ya tarar waɗanda ba Musulmi ba suna sauke sufayen Musulmi a gidajensu, suna ciyar da su a tsakanin iyalinsu. Dalilin da aka ba shi wani labari ne na Shehu Abu Abdullahi ibn Khafif, sufin Shiraz na ƙarni na 10, wanda aka ce shi ya fara buɗe wa Musulmi hanyar. Wai yunwa ta kama ayarinsu a daji, abokan tafiyarsa suka yanka ɗan giwa suka ci, shi kuwa ya ƙi. Da dare giwaye suka zo suna shinshinar bakin kowa suna kashe wanda ya ci, shi kuma wata ta ɗora shi a bayanta ta kai shi gari. Mai tarihi ba zai kafa hujja da giwa ba, amma labarin ya nuna sharaɗin da aka gindaya wa baƙo: a ciyar da shi, muddin ya kiyaye abin da ba a ci a ƙasar. Wani labarin ya fi wannan tsanani. Kusa da birnin da ya kira Kunakar akwai masallacin wani Shehu Usman, shi ma mutumin Shiraz, wanda shi ne jagoran masu ziyara. Ya yanka saniya, hukuncin wannan kuwa kisa ne. Saboda girmansa aka tsaya a yanke masa hannu da ƙafa, sa'an nan aka ba shi harajin wata kasuwa ya riƙa ci. 'Ya'yansa da barorinsa suka gaji jagorancin.

Ita kanta turbar ba ta da sauƙi. Matsattsaku sun cika ciyawa da itatuwan bakin ruwa, suna maƙale wa mai wucewa. Mutane kan tafi da lemun tsami su matsa musu su faɗi. Hanya biyu ce ke zuwa sawun, ɗaya ana ce mata hanyar Baba, ɗaya hanyar Mama, watau Adamu da Hauwa'u. Ta Mama mai sauƙi ce, ta nan ake saukowa, kuma wanda ya hau ta nan ana ɗaukarsa kamar bai yi ziyara ba. Ta Baba kuwa sai da mutanen da suka sassaƙa matakala a jikin fa, suka kafa turakun ƙarfe, suka rataya sarƙoƙi waɗanda mai hawa zai kama. Ibn Baɗuɗa ya ƙirga goma. Ta goma ita ake kira sarƙar Shahada, domin wanda ya kai nan ya dubi ƙasa, tsoro kan sa shi yin kalmar shahada. Masu ziyara kan ajiye kayansu a wani kogo da ake jingina wa Halliru, su yi kwana uku suna zuwa sawun safe da yamma. Dole a karanta wannan bayani da lura, don kuwa sai bayan fiye da shekara goma ya shifta wa Ibn Juzayy shi a Fas, daga abin da ya tuna. Ko duwatsu masu daraja da ya samo a tsibirin 'yan fashin teku sun ƙwace. Amma zancen sarƙoƙi ba shi kaɗai ya yi shi ba. Marco Polo, wanda ya bi ta tsibirin shekara hamsin kafin shi, ya ambace su.

A shekarar nan ta 1344 da Ibn Baɗuɗa ke fama da matsattsaku, magina suna kan aikin ɗakunan ibada biyu, Lankatilaka da Gadaladeniya, a kan duwatsu kusa da Gampola, inda sarauta ta koma a lokacin. Wannan alama ce ta babban sauyi. Tsofaffin biranen sarauta, Anuradhapura da Polonnaruwa, suna filin arewa ne, inda aka dogara da manyan tafkunan ban ruwa. Daga ƙarni na 13 yaƙe-yaƙe suka sa aka bar su, mulki ya riƙa gusawa kudu, yana hawa sama. Duk inda sarki ya koma kuwa, akwai abin da ba ya bari a baya: wani haƙori da mabiya Buddha suka gaskata nasa ne, wanda aka ce wata gimbiya ta kawo shi daga Indiya a ƙarni na 4, ɓoye cikin gashin kanta. A al'adar ƙasar, wanda haƙorin ke hannunsa shi ne sarki. A ƙarshen ƙarni na 16 Vimaladharmasuriya na Ɗaya ya kai shi Kandi ya gina masa ɗaki jikin fada, a wani kwari wanda kogin Mahaweli ya yi wa ƙawanya ta fuska uku.

A lokacin Turawan Fotugal sun kai kusan shekara 90 a gaɓar tsibirin, kirfa ta kawo su, kuma kafin 1620 duk sarautun bakin teku sun shiga hannunsu, saura Kandi. Daga nan ne duwatsu suka zama ganuwa, kuma daga nan sarki ya daina share hanya ya koma toshe ta. Rundunar Fotugal ta hallaka a Danture a 1594, da Randeniwela a 1630, da Gannoruwa a 1638. Turawan Holan da suka gaje su sun shiga Kandi a 1765 suka fita dole. Na Ingila sun shiga a 1803, aka karkashe dakarun da suka bari. Dabarar kusan ɗaya ce kullum. Sarki ya kwashe haƙori da jama'a ya bar wa maƙiyi kango, sa'an nan a sare itatuwa a tare turba, a riƙa harbin 'yan dako daga cikin kurmi, a bar ruwan sama da zazzaɓi da yunwa su ƙarasa aikin. Igwa ba ta hawa turbar da mutum biyu ba su jerawa, soja kuma ba ya yaƙi in mai ɗauke da shinkafarsa ya yar ya gudu.

Wanda ya fi kowa bayyana yadda aka tsare ƙasar wani fursuna ne, Robert Knox, ɗan wani kyaftin na kamfanin Ingila mai ciniki a Gabas. Hadari ya lalata jirginsu, suka raɓa gaɓar gabas don gyara, mutanen Sarki Rajasinha na Biyu suka kama su a 1660, Knox yana ɗan shekara 19. Bai kuɓuta ba sai 1679, littafinsa kuma ya fito a London a 1681. Abin lura shi ne, ba a sa shi a kurkuku ba, domin ƙasar duka kurkuku ce. An raba fursunonin ƙauye-ƙauye, aka ɗora wa talakawa ciyar da su gida-gida bi da bi. Knox ya ce an hana sare kurmin da ke kan iyakokin larduna, ba a gina gadar kirki a kan koguna, ba a faɗaɗa turba. A kowace mashiga akwai ƙofa da aka saƙa da ƙaya, da masu gadi dare da rana. Mai fita daga birnin sarki sai ya nuna hatimi da aka buga a kan ɗan curin yumɓu: na soja da hoton mutum riƙe da mashi, na ɗan dako da mutum ɗauke da kaya a sanda, na Bature da mutum mai hula da takobi. Fasfo ke nan, a ƙasar da yawancin masu gadinta ba su bukatar iya karatu kafin su gane shi.

Knox ya rayu da saƙa huluna da ba da rancen hatsi, har ya sayi fili ya gina gida. Talla ce ta fitar da shi. Shi da abokinsa Stephen Rutland suka riƙa ɗaukar kayan ƙoli suna yin arewa, kowace tafiya su ƙara nisa kaɗan, suna koyon mashigai da halin masu gadi, har ran da suka bi wani kogi cikin daji suka ɓulla sansanin Holan a Arippu. Ya kuma rubuta abin da ya ci. Shinkafa ita ce abincin daraja, a haɗa ta da miyar ganye ko ta 'ya'yan itace da aka dafa da ruwan kwakwa. In ta yi ƙaranci sai a koma ga kurakkan, wadda ita ce tamba, ana nomanta a saran daji a gefen duwatsu. Zaƙinsu daga ruwan wani itace ne dangin giginya, kitul, wanda ake dafawa ya daskare kamar mazarƙwaila. Da ita da garin shinkafa ake soya wata waina, wadda Knox ya ce da sarki ya aika wa Turawan Holan ita, sai suka tambaya ko a itace take fitowa.

Akwai abu guda da duwatsun ba su bayarwa, shi ne gishiri, kuma ta nan ganuwar ta yi rauni. Dole a bar wata kafa a buɗe saboda fatake. Yawancin fataucin yana hannun Musulmin tsibirin, waɗanda Fotugal ta kora daga ƙasarta a 1626, Sarki Senarat na Kandi ya karɓe su ya ba su wurin zama. Ayarinsu na takarkarai ne, ana kiransa tawalam. Su hau da gishiri da busasshen kifi da tufafi, su sauko da 'ya'yan areka, wani ɗan itace da ake taunawa tare da ganye da farar ƙasa, wanda matsayinsa a can kamar na goro ne: da shi ake tarbar baƙo, da shi ake neman alfarma. Fada tana da ofishi na musamman, madige, mai kula da waɗannan masu takarkarai, waɗanda ke yi wa sarki jigila a madadin filin da ya ba su. A 1766 Holan ta tilasta wa Kandi yarjejeniyar da ta raba ta da gaɓar teku gaba ɗaya, gishirinta ya koma sai da yardar maƙiyinta. Bafatake kuma, da yake shi kaɗai ke shiga da fita, ya zama abin zargi ga kowane ɓangare.

Ba da yaƙi aka ci Kandi ba. Sarki na ƙarshe, Sri Vikrama Rajasinha, ya ɓata da manyan hakimansa. Babban wazirinsa Ehelepola ya gudu wurin Ingilishi a 1814, sarki ya kashe iyalinsa. A wannan shekara kuma aka kama wasu fatake goma daga ƙasar da ke hannun Ingila, aka ce 'yan leƙen asiri ne, aka yanke musu gaɓoɓi, Gwamna Robert Brownrigg ya sami hujjar da yake nema. Wani jami'insa mai jin harshen Sinhala, John D'Oyly, ya riga ya gama da hakimai ta wasiƙa. Da runduna ta taso a farkon 1815, ƙofofin ƙaya suna nan, amma masu gadinsu sun bi iyayen gidansu. Ran 2 ga Maris 1815 aka ƙulla yarjejeniyar da ta miƙa ƙasar ga Sarkin Ingila, bisa alkawarin kiyaye addinin Buddha. Ba a yi shekara uku ba hakiman suka yi da-na-sani. Tawaye ya tashi a lardin Uva a 1817, abin da ya kunna shi kuwa har da naɗa wani Musulmi shugaban masu takarkarai na Wellassa ba da yardar hakimai ba. Ingilishi suka sha wahalar da Fotugal ta sha, suka rama da ƙona gonaki da kashe shanu da sare itatuwan marmari. Da haƙorin ya koma hannunsu a ƙarshen 1818, jama'a da yawa suka ɗauka magana ta ƙare.

Darasin da Gwamna Edward Barnes ya ɗauka daga tawayen shi ne, hanya ta fi sansani amfani. A 1820 aka fara hanyar Kolambo zuwa Kandi, ƙarƙashin Kyaftin William Dawson, wanda ya mutu a 1829 aka gina masa hasumiya a mashigin Kadugannawa. Ba a gina wa waɗanda suka fasa duwatsun kome ba. An samo su ne ta wata tsohuwar al'ada, rajakariya, watau aikin da mai riƙe da fili ke yi wa sarki. Aikin da ya tsare ƙofar ƙaya jiya, shi aka juya ya fasa dutse yau. A 1832 keken doki mai ɗaukar wasiƙu ya fara zirga-zirga a kanta. Rahotannin mulkin mallaka suna kiran irin wannan aiki buɗe ƙasa, kalmar da ma'aikacin da ya taɓa karanta tsofaffin fayilolin Kaduna ba zai rasa ganewa ba. Dogo ya isa Kano a 1911 da irin wannan bayani. Ba abin mamaki ba ne, domin makaranta ɗaya ce: Hugh Clifford ya bar gwamnan Nijeriya a 1925 ya tafi gwamnan Silon, Graeme Thomson da ya gaje shi a Legas shi ma can ya koma a 1931.

Abin da ya bi hanyar ya hau shi ne gahawa. An buɗe gonar Bature ta farko kusa da Gampola a 1824. A 1840 aka yi dokar da ta ce duk daji da saran da mutum bai iya kawo takardar mallakarsa ba, na gwamnati ne, gwamnati kuwa tana sayar da eka a kan sule biyar. Manomin Kandi ya san gonarsa ta tamba tun kakanni, amma ba shi da takarda. Kurmin da sarakuna suka hana a taɓa, cikin shekaru kaɗan aka sare shi aka cinna masa wuta. An soke rajakariya a farkon shekarun 1830, amma a 1848 ta dawo da sabon suna: kowane namiji baligi ya yi aikin hanya kwana shida a shekara, ko ya biya sule uku. Talakawa suka ga hanyoyin gonakin Turawa suke zuwa, suka yi bore a Matale a wannan shekara, aka murƙushe su.

Da yake mutanen Kandi ba su yarda su zama 'yan ƙodago a filin da aka ƙwace musu ba, sai aka nemo ma'aikata daga ƙasar Tamil ta kudancin Indiya. Tasu tafiyar ita ce mafi muni a duk wannan tarihi, ita ce kuma littattafan yawon buɗe ido suka fi tsallakewa. Wani jagora, ana kiransa kangani, ya tara su a ƙauye da bashin guzuri, su ƙetare teku zuwa Mannar, sa'an nan su taka fiye da mil 100 cikin dajin arewa zuwa Matale, a ƙofar duwatsu. Kwalara da zazzaɓin cizon sauro da ƙishirwa suka kashe ɗimbinsu a hanya. Vijayabahu ya keɓe ƙauye guda don cikin mai ziyara. Waɗannan kuwa shinkafar da suka ci a hanya a kan bashinsu aka rubuta ta.

Dogo ya isa Kandi a 1867 don kwasar gahawa. Shekara biyu bayan haka wata cuta mai kama da tsatsa ta bayyana a ganyenta, kafin shekara ashirin ta gama da ita. A 1867 ɗin nan wani ɗan Sikotlan, James Taylor, ya dasa eka 19 na shayi a Loolecondera, shi ya zama magaji. Bambancin amfanin nan biyu ya sauya al'ummar duwatsun: gahawa lokaci guda ake tsinkarta, ma'aikaci ya koma gida, shayi kuwa duk shekara ake tsinka, saboda haka aka zaunar da iyalai a jerin ɗakuna cikin gonaki, mata suka zama su ne masu tsinka. Dogo ya bi shayi ya kai Nanu Oya a 1885, ya kai Badulla a 1924. Da tsibirin ya sami 'yancin kai a 1948, doka ta farko-farko da aka yi ta hana yawancin jikokin waɗannan ma'aikata zama 'yan ƙasa. An mayar da dubban ɗaruruwa Indiya bayan yarjejeniyar 1964, ragowar kuwa ba a gama warware maganarsu ba sai 2003. A 2023 wasu daga cikin zuriyarsu suka sake taka hanyar daga Talaimannar zuwa Matale da ƙafa, don tunawa da shekara 200 da fara zuwan kakanninsu.

Akushin da ake ajiye wa baƙo a duwatsun a matsayin abincin gargajiya, kowace hanya ta zuba nata a ciki. Shinkafa da kwakwa da masoro da kitul na gida ne. Barkonon da ke sa shi hawaye asalinsa Amurka ne, jiragen Fotugal suka kawo shi Asiya. Kabeji da karas da ake nomawa a Nuwara Eliya, kusan mita 1,900 sama da teku, sun yaɗu ne bayan Turawa irin su Samuel Baker sun kafa gona a can a ƙarshen shekarun 1840. Gurasar alkama da ake kira roti, wadda ita ce karin kumallon mai tsinkar shayi, ana yinta ne da garin da jirgi ke kawowa, don alkama ba amfanin gonar tsibirin ba ce. A ɗakin haƙori na Kandi kuwa ana buga ganguna sau uku a yini a yi hidima, a kuma gabatar da abinci da asuba da kafin tsakar rana, bisa tsarin fadar da ta shuɗe tun 1815.

Har dutsen sawu ma dogo ya juya masa fuska. Tun da jirgi ya isa Hatton a 1884, yawancin masu ziyara suka koma hawa ta wannan gefe, ta cikin gonakin shayi, saboda ya fi gajarta. Lokacin ziyara daga Disamba ne zuwa Mayu. Da dare ake hawa, a ƙarƙashin fitilun lantarki da aka fara sawa a 1950, domin a riski fitowar rana a sama, inda mai ziyara kan buga ƙararrawa sau adadin zuwansa. A kan matakalar akwai rumfunan masu sayar da shayi da roti, akwai kuma masu raba abinci kyauta don neman lada. Tsohuwar hanyar da ta taso daga Ratnapura ta ratsa Gilimale tana nan, ta fi tsawo, masu binta kuma ba su kai na Hatton yawa ba. A wannan gefen ne, dab da ƙwanƙoli, tsofaffin sarƙoƙi suke rataye a jikin fa, sun yi tsatsa, kusa da matakala da madogarar ƙarfe da aka kafa daga baya.